Faifan Guntaye

Shekara talatin da ɗaya ya yi a gidan rediyo yana yanka maganar mutane, shi ya sa har ya tsufa ba a san shi da wani suna ba sai Mai Reza. A zamaninsa a kan zaren tef ake ɗaukar murya, irin mai launin ƙasa-ƙasan nan da ake naɗewa a faifai. Idan babban mutum ya zo ya yi jawabi ya tafi, sai a bar Mai Reza da faifan. Ya sa abin ji a kunne, ya riƙa juya faifan da hannu har ya iso daidai inda mutumin ya yi tari, ko ya yi in'ina, ko ya saki wani shirme, ya sa reza ya yanke wurin, ya haɗa bakin biyu da salatef. Da yamma jama'a su ji jawabi sumul, su ce kai, wannan mutum akwai baki. Mai Reza yakan ce rabin masu hikimar ƙasar nan shi ya haife su.

Sauran ma'aikata a kwandon shara suke zuba abin da suka yanke. Shi kam hannunsa ba ya iya zubar da tef. A lokacin tef wuya yake yi, sai ka cike takarda uku kafin mai sito ya ba ka faifai ɗaya yana hararar ka. Saboda haka in yana aiki yakan rataya guntayen a wuyansa, ya cusa bakinsu cikin riga don kada su faɗi, in an tashi ya liƙa su ɗaya bayan ɗaya a wani faifai nasa na kansa. Faifan guntaye yake kiransa. In ya cika, ya ɗauki abin da ya ga dama a kai, sabuwar murya ta goge tsohuwa. Abokan aiki sun sha yi masa tsiya, wai ko gashin da wanzami ya zubar ya gani sai ya tattara ya adana.

A kan irin wannan faifan ya ɗauki muryar ɗansa. Dogo ake ce wa yaron, shi kaɗai gare su, shekararsa ashirin, yana koyon aikin wutar lantarki. A wata na huɗu da fara yaƙi aka kira shi soja. Ranar da za a kwashe su ya biyo ta gidan rediyo sallama, sanye da kaki mai gajerun hannuwa, uban ya ja shi ɗakin ɗaukar murya ya zaunar da shi gaban makirfo ya ce ya yi wa uwarsa magana. Minti huɗu yaron ya yi. Ya ce bai san me zai ce ba, ya yi dariya. Ya ce kada a bari kowa ya hau masa keke. Ya ce takalmin da aka ba shi ya matse shi, in ya dawo sai dai a sake masa ƙafa. Ya sake yin dariya, ya ce, “Baba, ya isa haka?” Bai dawo ba. Abin da ya dawo shi ne wasiƙa mai hatimi, da agogon hannu wanda ba ma nasa ba ne.

Shekara takwas suna jin faifan nan a wata tsohuwar na'ura da Mai Reza ya samo. Kullum in yaron ya ce “ya isa haka?” sai uban ya yi wuf ya kashe na'urar. Maman Dogo ta ɗauka zuciyarsa ce ba ta iya ɗaukar shirun da ke biyo baya, ba ta taɓa tambaya ba. Daga baya na'urar ta mutu, aka nemi kayan gyaranta aka rasa, gidan rediyo ma ya daɗe da zubar da irinta. Ji na ƙarshe da suka yi, Mai Reza ya ga garin tef ɗin yana maƙalewa a bakin na'ura, ya san zaren ya fara danƙo. Ya nannaɗe faifan a tsohuwar rigar yaron, ya sa a gwangwanin biskit, ya ɗora a kan durowa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba su ji muryar ɗansu ba.

Wata safiya yana zaune a ƙofar gida yana gyaran tocila, wata mata ta sauko daga tasi da jaka cike da takardu. Ta gaishe shi har ƙasa, ta ce ita lauya ce a sabuwar kotun da gwamnati ta kafa don ta tuhumi tsohon shugaban ƙasa kan yaƙin nan. Tsoho kowa yake ce masa, tun yana kan mulki, tun ma bai tsufa ba. Mai Reza ya ajiye tocilar. Ya shigar da ita ɗaki, Maman Dogo ta kawo ruwa ta zauna a bakin gado.

“Baba, na duba littafin aiki na gidan rediyo,” in ji lauyar. “Kowa ya san jawabin da Tsoho ya yi ranar Juma'a, ya ce jiya da asuba an kai wa sojojinmu hari a gadar kan iyaka, don haka mun shiga yaƙi. Amma a littafin babu wanda ya je fadar shugaban ƙasa ranar Juma'a, ko ranar Alhamis. Sunanka na gani ranar Litinin, an rubuta aiki na musamman. Me ka je yi ranar Litinin?”

Shekara goma sha tara yana jiran wani ya yi masa wannan tambayar, ga shi ta zo ya rasa ta ina zai fara. Ya dubi matarsa, ya dubi gwangwanin biskit.

“Jawabin na je ɗauka,” ya ce.

“Kwana uku kafin harin?”

“Kwana uku.”

Ya ba ta labarin tiryan-tiryan, idonsa a ƙasa. Da mota aka zo aka ɗauke shi, aka kai shi wani ƙaramin ɗaki mai kafet mai laushi. A ƙa'idar aikinsu, kafin mai jawabi ya fara, mai ɗauka yakan faɗi rana da kwanan wata da sunansa a bakin tef, daga baya a yanke. Ya faɗa kuwa: Litinin, uku ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Bai rufe baki ba Tsoho ya ce, “Kai, ka gama surutun?” Sannan ya juya ga wani hafsa da ke tsaye ya ce, “Nawa ma muka ce sun mutu?” Hafsan ya ce goma sha biyu. Tsoho ya ce, “Goma sha biyu ba za su ta da kowa ba. A mai da su talatin.” Ranar Alhamis da aka kai harin, talatin aka ce.

“Sau bakwai ya maimaita jawabin,” in ji Mai Reza. “Muryarsa rawa take yi, ga tari, ga haƙoransa na roba suna yin fito in yana magana. Awa huɗu na yi ina yanka ina haɗawa, soja tsaye a kaina. Da na gama, 'yata, ni kaina da na ji sai da tsigar jikina ta tashi. Suka karɓi faifan, suka share ƙasa, suka juye kwandon shara a jaka. Hafsan nan ya ce in na yi ko tari a kan maganar, ya san gidana. Ba wanda ya dubi wuyana.”

Lauyar ta ajiye biro. “Guntayen suna nan?”

Ya nuna gwangwanin da haɓa. Ya ce mata muryar yaron ta goge minti huɗu na farkon faifan, amma abin da ke bayansu yana nan yadda yake. Kuma guntun da ya faɗi kwanan wata tsawonsa ɗaya ne da maganar Tsoho da hafsan, babu yanka ko ɗaya a tsakani, duk wanda ya san tef zai gani da idonsa. Lauyar ta rufe fuskarta da hannu biyu. Da ta buɗe ta ce wata goma tana bin takardu, duk an ƙone su, duk wanda ta je wurinsa ya ce ya manta. Ta ce kotu ta ɗauko wani gwani daga waje, yana da na'urar da ke ɗumama tsohon tef a hankali ya daina danƙo, a kwafe abin da ke kai. Ta yi alkawari da bakinta, ranar da aka kwafe, muryar Dogo za a fara sa musu a waya, su ji har su gaji. Sai dai faifan dole ya shiga hannun kotu yadda yake, kada a taɓa shi da reza, in ba haka ba lauyoyin Tsoho su ce haɗawa aka yi. Ta ce za ta dawo jibi.

Har ƙarar tasi ta ɓace Maman Dogo ba ta motsa daga bakin gado ba. Ta kafe shi da ido, irin kallon da bai taɓa gani a fuskarta ba a shekara arba'in da biyu na aure.

“Abin da kake kashewa ke nan,” ta ce.

“Shi ne.”

“Ni ina nan ina tausayinka, ina cewa bawan Allah ba ya iya jurewa. Ashe ka sani. Tun kafin a harba harsashi ɗaya ka san ƙarya ce. Wata huɗu kana sane, Baban Dogo, aka kira shi, ni na goge masa kakin nan da hannuna, kana zaune a kujerar can kana shan shayi.”

“Da na yi magana da sun kashe mu duka.”

“Ba rediyo na ce ka je ka faɗa ba. Ni za ka faɗa wa. Da na tura shi wurin yayata, da na ɓoye shi a silin, da na karya masa ƙafa da taɓarya da hannuna. Wallahi da na karya.”

Shi ma ya sha yin wannan lissafin. Tsoro ne ya hana shi, tsoro zalla, ba wata hikima ba. Ya yi ta gaya wa kansa yaƙin ba zai wuce sati uku ba, tunda wanda ya shirya ƙarya ai ya shirya ƙarshenta. Ta tashi ta fita tsakar gida, ya ji tana ta dirzar tukunyar da ta riga ta wanke.

Ya fita don ya sha iska ya faɗa shagon maƙwabcinsa Tela, wanda rediyonsa ba ta mutuwa, bakinsa ma haka. Zancen shari'ar ake yi a rediyon. Tela ya cire allura daga baki ya ce shi fa wannan abu bai kwanta masa ba. Mutum ya haura tamanin, ya sauka da ƙafarsa, me za a ci da shi? In aka ɗaure wannan, wanda ke kai yanzu yana kallo, gobe in lokacinsa ya yi zai manne wa kujera har sai an fitar da gawarsa. Kuma yaƙi ai ba mutum ɗaya yake yin sa ba, ba mu ne muka yi ta yi masa tafi lokacin da ya yi jawabin ba? Shi kansa Tela tutoci ɗari biyu ya ɗinka a satin nan, bai runtsa ba.

“Mutumin da ya sace maka kan keken ɗinki,” in ji Mai Reza, “wata nawa ya yi?”

“Tara. Ai shi ɓarawo ne.”

“Ka tambayi shekarunsa kafin ka kai shi?”

Tela ya mai da allura baki ya ce wannan daban, wancan daban. Mai Reza bai ja ba. Abin da ya dame shi shi ne zancen tafin nan, domin muryar da aka tafa wa shi ya ƙera ta. Da jama'a sun ji Tsoho yadda ya ji shi, yana rawar murya yana tari, da ko kare bai bi shi ba.

Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Ranar da lauyar za ta dawo, ya fito daga wanka ya tarar ta sauko da gwangwanin ta rungume shi a cinya.

“Ni ba ruwana da kotunsu,” ta ce. “Ko sun rataye shi a bakin kasuwa ba zai dawo min da ɗana ba. Amma na fara mantawa. Jiya na yi ta ƙoƙarin tuna yadda yake cewa Umma, jan ta yake yi ko datse ta yake, na kasa. Fuskarsa ina da hoto. Muryar ce take tafiya.” Ta miƙa masa gwangwanin ba tare da ta dube shi ba. “Sau ɗaya ka riga ka ba su ɗana. In ka kai, ka dawo min da shi.”

A ofishin kotu aka buɗe gwangwanin a gaban shaidu, aka ɗauki faifan hoto ta kowane gefe, aka sa shi a leda aka liƙe da jan hatimi. Rigar yaron aka mayar masa da ita. Aka ba shi 'yar takarda mai lamba, shaida ta arba'in da bakwai. Ya linke ta huɗu ya sa a aljihun gaba.

Ranar da aka buɗe shari'a ya je. An turo Tsoho a keken marasa lafiya, an lulluɓe masa ƙafa da bargo, kansa a langaɓe, bakinsa a ɗan buɗe. Matan da ke benci da hotunan 'ya'yansu a ƙirji suka yi tsit, wata ma har ta ce wayyo. Mai Reza ya sa ido ya ga yatsan Tsoho yana buga hannun keken a hankali, daidai da maganar lauyansa, yana tsayawa inda lauyan ya tsaya. Ya san mai sauraro in ya gan shi, aikinsa ke nan. Lauyoyin Tsoho su tara, suka ce kotun ba ta da hurumi, aka ɗaga wata biyu. Aka dawo suka ce likita ya hana shi zama, aka ɗaga wata uku. Gwanin tef ɗin ya zo da na'urarsa, suka ce ba su yarda da shi ba sai an kawo nasu, ya zauna a otal sati biyu ya koma ƙasarsu bai ko ga faifan ba. Duk ranar da Mai Reza ya dawo gida, Maman Dogo takan dubi hannunsa, ba fuskarsa ba.

A wata na goma sha ɗaya da fara shari'ar majalisa ta zauna rana ɗaya ta yi doka. Dokar sulhu aka sa mata suna. An yafe wa duk wanda ya taɓa mulki duk abin da ya yi a kan mulki, an rushe kotun, kuma don kada a fama tsohon ciwo, duk shaidun da aka tara za a kulle su shekara hamsin. 'Yan majalisar suka miƙe suna tafa wa kansu. Rabinsu ministocin Tsoho ne a da, sauran rabin kuma suna sa ran mulki nan gaba, kowa da dalilinsa na son zaman lafiya. Ba a yi sati ba aka nuna Tsoho a talabijin ɗin shagon mai shayi, tsaye da ƙafafunsa biyu, yana yanka kirtanin buɗe wata cibiyar zaman lafiya mai sunansa. Bargon ma ba a gani ba.

Lauyar ta kira shi a waya tana kuka. Ta ce an karɓe musu makullan ofis, an mai da ita wani sashe inda ake rajistar filaye. Ta ce ta rubuta takarda uku a kan faifansa, ba a amsa ko ɗaya ba. Ta yi ta cewa ka yafe min, Baba. Ya ce mata ba komai, domin ba ita ce ta yi ba, kuma ba shi da sauran ƙarfin da zai raba wa mutane laifi.

Washegari da hantsi ya sa rigarsa mai kyau, ya ɗauki takardarsa mai lamba, ya ɗauki sabuwar reza a takardarta da ƙaramin salatef, ya tafi ma'ajiyar kotu. A ƙarƙashin ginin take, sai ka sauka matakala goma sha huɗu. Tun daga ta biyar ya ji warin danshi. Bangon ya yi kore daga ƙasa, wani bututu yana ɗiga a bokiti, fanka ba ta juyawa. Ya san tef. A wannan ɗakin ko shekara uku ba zai yi ba zai manne ya zama dunƙule ɗaya.

Akawun ma'ajiyar mutum ne mai furfura kaɗan da tabarau ɗaure da zare, ba shi da mugunta a fuska. Ya karɓi takardar, ya duba littafi, ya ce e, arba'in da bakwai tana nan, ga ta can a kabad na uku. Mai Reza ya hango ta ta cikin waya, ledar da jan hatiminta, an ɗora mata wani fayil a kai.

“Ɗana, ba duka nake so ba,” ya ce. “Maganar Tsoho ku riƙe, ku jiƙa ku sha. Akwai minti huɗu a farko, muryar yarona ce, ba ta shafi kowa ba. Keke yake magana a kai, da takalmi. Na san tsawonsu da ido. Yanka ɗaya zan yi a gabanka, in naɗe a fensir in tafi, in liƙe muku sauran yadda ba wanda zai gane.” Ya zaro rezar ya ajiye a kan tebur.

Akawun ya dubi rezar, ya dubi ƙofa. “Baba, mai da wannan aljihu don Allah.”

“Ba a taɓa sauraren faifan ba. Ba wanda ya san tsawonsa sai ni.”

“Na sani. Amma an auna shi, an rubuta, ga hatimi.” Ya jawo wata takarda daga durowa ya bi layi da yatsa. “Duk wanda ya buɗe, ko ya taɓa, ko ya rage wani abu daga shaidar da aka kulle, ɗaurin shekara bakwai, ba zaɓin tara. Da shi da wanda ya bar shi. 'Ya'yana biyar, Baba.”

“To afuwar fa? Ba an ce an yafe wa kowa ba?”

“Wanda ya yi mulki aka ce.” Akawun ya cire tabarau ya murza ido. “Ka taɓa mulki?”

Mai Reza ya yi wata dariya da ba ta da daɗin ji. Akawun ya rage murya ya ce, “Ni ma ƙanena yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Wallahi in ka yanke tef ɗin nan, da ni da kai ne kaɗai za a ɗaure a kan yaƙin nan kaf.” Ya ce in yana so ya cike fom, in shekara hamsin ta cika magada suna iya nema. Mai Reza ya tambaye shi wane magaji, tunda magajin ne a cikin ledar. Akawun ya tura masa takardarsa mai lamba a hankali. Ya ɗauki rezarsa ya hau matakala, yana hutawa a kowace ta uku.

Ya tarar da ita a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faranti. Ta dubi hannunsa. Ya ajiye takardar a kusa da ita, ya zauna a kan turmi, ya gaya mata yadda aka yi, bai rage komai ba, wannan karon bai yanke ko kalma ɗaya ba. Ya jira ta yi faɗa, ya ma so ta yi. Ta ci gaba da tsinta har ta kai ƙarshen farantin, sannan ta ajiye.

“Kai ai mai kunne ne,” ta ce. “An ce in ka ji murya sau ɗaya ba ka mantawa. Kai ka ɗauke shi, kai ne a ɗakin. Faɗa min yadda ya faɗa. Umma ɗin kawai. Ko ba ta yi kama sosai ba.”

Ya rufe ido. Ya ga ɗakin, ya ga jar fitilar ɗaukar murya, ya ga gajerun hannuwan kakin nan da dogayen hannuwan yaron a kan tebur. Ya ga bakinsa yana motsi. Ya kasa kunne da dukkan abin da shekara talatin da ɗaya suka koya masa, yana jira. Murya ta zo kuwa, tar da ita, ba ko ƙura: ya ku 'yan ƙasata, jiya da asuba. Ya san kowane numfashi a cikinta, ya san inda aka yi tari ya cire, ya san inda haƙoran suka yi fito, zai iya maimaita ta daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, tunda awa huɗu ya yi yana gyara ta. Muryar ɗansa kuwa bai taɓa gyara mata komai ba. Ya ture ta Tsohon ya sake nema, ta sake dawowa.

“Ina jin ka,” in ji Maman Dogo.

Ya buɗe ido.

“Ban sani ba,” ya ce. “Ban san ko jan ta yake yi ba.”

Ta miƙe. Sannan ta ɗauki 'yar takardar mai lamba, ta shiga ɗaki, ta nannaɗe ta a tsohuwar rigar yaron, ta sa a gwangwanin biskit, ta taka kujera ta mai da shi kan durowa.